Kalmar da Take Kashe Zance

Mutumin Kagoma da harsuna uku yake kwana yake tashi. Da Gyong, harshensa na gida, yake gaida mahaifiyarsa da safe, da Hausa yake ciniki a kasuwar Kafanchan ya kuma rera waƙa a coci ranar Lahadi, da Turanci yake cike takardar banki ya rubuta jarrabawa. Ukun sun daɗe a baki ɗaya, har mutum kan fara magana da wannan ya ƙarasa da wancan bai sani ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma akwai wasu kalmomin Turanci biyu da na daɗe ina sa wa ido, domin duk inda suka faɗo, zance ba ya ƙara gaba. Su ne “nansens” da “rabish”. Kowa ya san su, har tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Ba ta iya haɗa magana da Turanci, amma in aka jefe ta da ɗaya daga cikinsu ta san an ce mata maganarta ba ta kai a amsa ba.

A watan Disamba aka fi jin su. Lokacin ne 'yan gari da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas suke dawowa Kirsimeti, motoci su cika hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, a yi ta taron iyali da taron ƙungiyar ci gaban gari. A irin wannan zama ne ake yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse, da yadda za a raba gonar gado, da ko za a kai mara lafiya asibitin birni. Sai wani dattijo ya gyara murya ya ce kada a haƙa rijiya a wuri kaza, tun yana yaro duk rijiyar da aka haƙa a gefen nan ba ta kai Maris da ruwa. Kafin ya rufe baki wani matashi mai digiri ya karkaɗa hannu ya ce, “Nansens.” Shi ke nan. Dattijon ya sunkuyar da kai, masu goyon bayansa su yi shiru, mai rubuta bayanin taro ya wuce batu na gaba. Ba a ƙaryata shi ba, ba a kuma gaskata shi ba. An dai cire shi daga cikin masu magana.

Abin lura a nan shi ne wannan matashin ba zai iya faɗin haka da Gyong ko da Hausa ba. Da zai buɗe baki ya ce, “Baba, wannan shirme ne,” harshensa ne zai fara nauyi, domin tun yana rarrafe aka koya masa yadda ake magana da manya da waɗannan harsuna, da durƙuso, da “Baba, yi haƙuri”, da “a gafarce ni”. In ma ya daure ya faɗa, taron ba zai bar shi ba. Kawunsa zai ce, “Kai, da sa'an ubanka kake magana.” Dattijon da kansa zai ɗago ya ce, “To yaro, ina shirmen yake? Nuna mini.” Dole ya kawo dalili, ya yi bayanin gwajin ƙasa da zurfin da injin zai kai, dattijon ya kawo nasa na shekara da shekaru, mutane su auna. Wataƙila matashin ne mai gaskiya, domin burtsatse tana kai inda rijiyar hannu ba ta kai. Wataƙila kuma dattijon ne. Ko ma wane ne, gari zai tashi da sanin abin da bai sani ba. Da Turanci kuwa duk wannan ba ya faruwa. Kunyar da aka rene shi da ita ba ta bi shi cikin harshen makaranta ba, shi kuma dattijon ba shi da ƙafar shiga can ya kare kansa.

Masana sun auna wani ɓangare na wannan. A 2003 Catherine Harris ta Jami'ar Boston da abokan aikinta sun gwada Turkawa da suka koyi Turanci bayan sun girma. Suka sa musu na'urar da ke auna ɗan gumin da fata ke fitarwa idan zuciya ta motsa, sannan suka jiyar da su kalmomin zagi da na tsawatarwa irin waɗanda ake yi wa yara, wasu da Turkanci wasu da Turanci. Jikinsu ya fi amsawa ga na harshen uwa. Wato kalma mai zafi a harshe na biyu ba ta ƙona mai ita kamar yadda ta harshen gida ke yi. Shi ya sa matashinmu yake furta “nansens” ba tare da gabansa ya faɗi ba, har in ka tare shi bayan taro zai rantse bai zagi kowa ba, ra'ayinsa kawai ya faɗa. Kuma da gaske yake. Abin da gwajin bai auna ba shi ne nauyin kalmar a kunnen wanda aka jefa, kuma a ƙasarmu nauyin nan mai yawa ne, domin ba ita kaɗai take zuwa ba.

Tana zuwa ne da duk abin da Turanci ya tsaya a kai tun zuwan Turawa. Da shi alƙalin babbar kotu yake yanke hukunci, da shi likita yake rubuta magani, da shi ake sallamar ma'aikaci. Duk wanda ya yi firamare a wannan yanki ya san jan biron malami a gefen takarda, ya san tara ko bulalar da ake sha in an kama ka kana “banakula”, wato kana magana da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi. Yaro ya taso yana ganin cewa mai hukunta magana da Turanci yake hukuntawa, wanda ake hukuntawa kuma shiru ne nasa. Idan ya girma ya samu nasa Turancin, sai ya hau kujerar malamin, ya mai da mahaifansa ɗalibai.

Ba ina ƙin boko ba ne, kuma ba wanda ya san tarihin Kudancin Kaduna da zai ƙi shi. Makarantun mishan da suka fara a wurare irin su Kwoi da Kagoro, da jirgin ƙasan da ya mai da Kafanchan mahaɗa tun 1927, su suka buɗe wa 'ya'yan manoma ƙofar da a da take a kulle. Patrick Ibrahim Yakowa, da aka haifa a Fadan Kagoma a 1948, ta wannan ƙofa ya bi ya je Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi aikin gwamnati har ƙoli, ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 2010, na farko daga kudancin jihar, kafin hatsarin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012. Iyaye a nan sun sayar da citta da alade da akuya sun biya kuɗin makaranta, uwaye sun kwana suna tsaga citta don ɗa ya gama kwaleji a Gidan Waya. Wannan ne ma ya sa abin yake min ciwo. Da gumin dattijon aka sayi kalmar da aka rufe masa baki da ita.

Da a ce duk abin da aka kira shirme da Turanci shirmen ne, da sai mu ce maganar ta ladabi ce kawai. Tarihin noma a Arewa bai nuna haka ba. Shekaru da dama malaman gona suna kallon gonar bakano ko bazazzagi ko mutumin Kagoma, gero a nan, dawa a can, wake yana bin ƙasa, ga kuɓewa ga yakuwa a bakin kunya, suna ganin rashin tsari ne da jahilci. Abin da littafi ya koyar shi ne amfani ɗaya a gona ɗaya, layi a miƙe. Sun yi ta wa'azi, manoma suna cewa “to, Malam” suna komawa ga abin da suka saba. Sai a tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziƙin noma mai suna David Norman, da ke aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya yi abin da ba a saba yi ba. Maimakon ya gaya wa manoma, sai ya bi su gona da ma'auni da littafi, a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa. Aka lissafa awannin aiki, aka auna abin da aka girbe, aka ƙiyasta kuɗinsa. Sakamakon da ya buga a 1974 ya nuna gonar da aka haɗa amfani ta fi kawo riba a kowace eka, ta fi biyan wahalar manomi a watannin noma da hannu ke ƙaranci, sannan ta fi tsare gida daga yunwa, domin in fari ya ci wannan wancan zai tsira. Manoman ba su taɓa jin sunan mujallar da aka buga aikin ba. Abin da suka sani tun kakanni ne aka tabbatar, kuma sai da ya fito da Turanci sannan ofis ya daina yi masa kallon wauta. Yau masana a duniya suna koyar da haɗa amfani a matsayin dabarar jure sauyin yanayi.

A ɗaya gefen kuma ga Mokwa. A 1949 hukumar raya ƙasashen mulkin mallaka ta Ingila ta buɗe wani katafaren shirin noma a can, aka kawo taraktoci, aka share daji, aka zaunar da iyalai aka ba kowa makekiyar gona. Komai a rubuce yake, da taswira da lissafi. Abin da masu shirin ba su tsaya a kai ba shi ne tarakta tana iya huɗar fili mai faɗi, amma ciyawa da hannu ake cire ta, kuma iyali ɗaya ba su da hannayen da za su nome wannan faɗin kafin ciyawa ta ci amfani. Duk manomin da ya taɓa riƙe fartanya zai iya faɗa musu haka a zama ɗaya. A 1954 hukumar ta janye bayan asara mai yawa. In akwai abin da ya cancanci a kira shi da kalmar nan, to wannan lissafin ne, amma yayin da ake yin sa babu wanda ke da matsayin da zai faɗa a ji. Kalmar daga sama take gangarowa, ba ta hawa.

Ko acca ba ta tsira ba. Hatsin da tuddan Kudancin Kaduna da Filato suka rayu a kai, wanda ke nuna da wuri ya fid da gida daga wahalar tsakiyar damina, Turawa suka laƙaba masa suna mai nufin shinkafar mayunwata, 'ya'yanmu da suka je birni suka koma jin kunyar gwate da tuwonta. Yanzu likitoci suna ambatar ta ga masu ciwon suga, Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a kasuwanninta tun 2018, kuma mudunta ya fi na masara tsada.

To amma kada mu yaudari kanmu. Akwai maganar da ba ta da tushe ko kaɗan, kuma tana iya fitowa daga bakin dattijo kamar yadda take fitowa daga bakin yaro. Duk wanda ya kai munzali a 2014 yana tuna daren ruwan gishiri. A watan Yuli na shekarar wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola, tsoro ya cika ƙasa. A farkon Agusta, cikin dare ɗaya, wayoyi suka yi ta ruri daga Legas har Maiduguri: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, shi ne kariya. A Kafanchan da ƙauyukanta ma an hura wuta da tsakar dare, an tashi yara daga barci. Maganar ƙarya ce tsagwaronta. Gishiri ba ya taɓa ƙwayar Ebola, kuma ga mai hawan jini guba ne. An kwantar da mutane a asibiti, har aka samu rahoton mutuwa, alhali cutar kanta ba ta taɓa isowa Arewa ba. Mutum ashirin ta kama a duk Najeriya, takwas suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti, kuma a 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita.

A daren nan 'yan boko da yawa sun amsa wayar iyayensu da kalma ɗaya, suka kashe suka koma barci. Gaskiya suka faɗa. Amma uwar da ta kira ɗanta ƙarfe uku na dare ba neman hukunci take yi ba, tsoro ne ya hana ta barci, kuma ƙaunarsa ce ta sa ta tuna da shi a cikin waɗanda za ta ceta. Da ta ji “nansens”, abin da ta fahimta shi ne ɗan nan ya yi nisa, ba ya jin magana. Sai ta yi masa addu'a, ta juya ta sha nata kofin, ta ba jikoki. Wanda ya ɗauki minti biyar ya ce, “Mama, ki saurare ni. Ciwon nan sai an taɓa jini ko gumin mai shi ake ɗauka, kuma yana Legas, bai zo nan ba. Ke kuma kin san likita ya hana ki gishiri saboda hawan jini. Don Allah kada ki sha, ki gaya wa su Gwaggo ma,” shi ne ya fi kusa da hana kofin nan kaiwa baki. Dukansu biyu sun san abu ɗaya. Ɗaya ya sauke wa kansa nauyi, ɗaya ya sauke wa uwarsa tsoro.

Haka aka gani a babban mataki a kan allurar shan inna. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin bisa jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jaridun kudu da na waje sun yi ta kiran abin jahilci. Amma mutanen Kano ba daga iska suka ɗauko tsoronsu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a birnin, a cikin yara kusan 200 da ke cikin gwajin sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a a kan musabbabin hakan kafin a yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya ce “rabish” ya tsallake duk wannan, shi ya sa ba a saurare shi ba. Abin da ya juya lamarin shi ne zama da mutane: gwajin allurar a gaban waɗanda jama'a suka yarda da su, sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, malamai da limamai suna bayani, mata masu bi gida-gida suna amsa tambaya ɗaya sau ɗari ba su gaji ba. An ɗauki shekaru, amma a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Ya kamata mu masu Hausa mu ji wannan magana da kunne biyu, domin a Kudancin Kaduna ba Turanci ne ya fara zama harshen sama ba. Tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ce harshen fadar Jama'a da kotun alƙali da mai karɓar haraji, kuma an daɗe ana yi wa mai magana da Gyong ko Hyam ko Jju ko Tyap kallon wanda bai waye ba. Sunayen da duniya ta san mutanen nan da su, Kagoma da Jaba da Kaje da Kataf, ba su suka raɗa wa kansu ba. Su Gwong ne da Ham da Bajju da Atyap, sarkin Kagoma kuma Kpop Gwong ne a bakin mutanensa. Tsohuwar da ta fi sakewa da Gyong ta san ɗacin a katse ta da “zancen banza” tun kafin jikanta ya koyo na Turanci. Duk harshen da ya samu kujera yana iya yin wannan aiki, kuma rigingimun da yankin ya sha, daga na Kafanchan a 1987 zuwa na bayan zaɓen 2011, ba su rasa nasaba da daɗewar da wasu suka yi suna jin cewa maganarsu ba ta da kima a wurin masu iko.

Wanda aka rufe wa baki ba ya yarda don an rufe masa. Yana komawa gida ne ya samo tasa kalmar. A ƙauye ana kiran bayanin ɗan boko “dogon Turanci”, kuma da zarar an laƙaba masa haka, shi ma an gama da shi: za a gyaɗa masa kai, a yi masa godiya, a raka shi mota, a ci gaba da yin abin da aka ga dama. Nan asarar take zama biyu. Ilimin dattijo bai shiga littafin taro ba, ilimin injiniya ko nas ko malamin gona bai shiga gida ba. Kuma mata suka fi shan kashi. Macen da ke jan ragamar Zumuntar Mata a coci, ta tsara biki da jana'iza da adashi ba tare da kuskure ba, in ta ga yadda aka yi wa namiji mai furfura a taron gari, ba za ta ƙara ɗaga hannu ba.

Ina jin tsoron wannan shiru a yanzu fiye da kowane lokaci saboda citta. Ita ce bankin wannan yanki. Daga Kachia zuwa Kagarko, daga Jaba zuwa Jama'a da Zangon Kataf, da ita ake gina gida a yi aure a biya makaranta, kuma saboda ita Najeriya take cikin manyan masu noman citta a duniya. A daminar 2023 wata cuta mai kama da ruɓa ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi ɗorawa ya bushe, aka tono sai ruɓaɓɓiyar saiwa mai wari. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12, ta kafa kwamiti a kai. Mutane da yawa sun rasa har irin shuka, waɗanda suka ci bashi suka shiga uku, farashin buhu ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Masana sun ce ƙwayoyin cutar suna zama a ƙasa da jikin iri, suka ba da shawarar a wanke iri da magani kafin shuka, a huta da gonar da ta kamu, a gyara hanyar ruwa don kada ya kwanta. Shawara ce mai kyau, kuma manomin da ya kira ta dogon Turanci kansa zai cuta.

Amma akwai tambayoyin da ɗakin gwaji ba zai amsa shi kaɗai ba. A ƙauyukan da cutar ta share, an samu gonakin da suka tsira ko suka yi sauƙi. Me ya bambanta su? A tudu suke ko a kwari? Wane irin citta aka shuka, tafin giwa ko yatsun biri? Irin na gida ne da aka adana a inuwa, ko na kasuwa? Da wane ganye aka rufe gonar bayan shuka, kuma me aka noma a wurin bara da bara waccan? Wane taki aka zuba, wane maganin ciyawa aka fesa, a wane mako ganyen farko ya canza? Amsoshin suna wurin mutumin da ke shiga gonar kowace safiya, da matar da ta tsaga citta da wuƙa shekara talatin har tana gane mai lafiya daga ƙamshinta. Kuma ba za su kawo amsar a tsare ba. Za ta zo a gauraye, rabi abin da ido ya gani, rabi zato. Wani zai ce tun da aka fara fesa wani magani ƙasa ta mutu, wata za ta ce hazo ne ya sauka da dare, wani zai ce fushin Allah ne saboda an daina fid da zakka. Jami'in da ya ji na ukun ya yi tsaki ya furta kalmar nan ya yi asarar na farkon da na biyun, domin masu su ba za su ƙara buɗe baki ba, alhali a cikin maganar hazon nan akwai labarin laima da sanyin dare da ƙwayar cutar ke so, a cikin ta maganin feshi kuma akwai tambayar da ta isa a kai cibiyar bincike ta Samaru ko ta Umudike a bincika. Ana fara shuka a Afrilu, kuma kafin nan za a yi ta tarukan manoma a kan iri da bashi da magani, a harabar coci da makarantun firamare da fadar masu unguwa. Mafi yawan waɗanda suka ga yadda cutar ta fara da idonsu a benci na baya za su zauna, kuma da Gyong ko Hausa za su yi magana in an ba su dama.